Babi na Shida: Waƙoƙin da Magidantan Japan Ke Ɗaga Murya da Su

Da misalin ƙarfe goma na dare a watan Disamba, unguwar Shimbashi da ke tsakiyar Tokyo cike take da maza masu baƙar kwat. Wata ne na walimar sallamar shekara, wadda kusan kowane ofis ke shiryawa, kuma in an gama cin abinci ba kasafai ake watsewa ba. Sai wani ya ce a tafi zama na biyu. Zama na biyun nan yawanci a gidan karaoke ake yin sa. A hau lif zuwa hawa na biyar ko na shida, a ba mutum takwas ɗan ƙaramin ɗaki mai kujerar kushin da ta zagaye bango, da babbar talabijin, da makirufo biyu, da kacau-kacau a cikin kwando. Akwai wata 'yar na'ura da ake miƙa wa juna, kowa ya nemo waƙarsa ya sa ta a layi. A jikin bango kuma ga waya. Da ita ake neman abin sha, masu giya su sha giyarsu, masu shayi su sha shayinsu, ita ce kuma za ta yi ƙara in saura minti goma lokaci ya cika.

Ka sa ido a kan wanda ya fi kowa shekaru a ɗakin. Shugaban sashe ne, ya ba hamsin baya, furfura ta fara cin gefen kansa. Tun safe bai furta kalmar da ba ta aiki ba. Matasa sun yi nasu waƙoƙin yayi masu gudun kalmomi, ya tafa musu cikin ladabi. Da layi ya zo kansa sai ya miƙe, ya sassauta laktaye, ya sauke sautin waƙar mataki biyu a jikin na'ura, domin muryar ta daina kaiwa inda take kaiwa a da. Kiɗa na tashi sai ka ga mutum ya zama wani. Yana buga ƙafa, yana naushin iska, jijiyoyin wuya sun miƙe. Ko kallon rubutun da ke wucewa a talabijin ba ya yi. Yaran ofis da ba a ma haife su ba lokacin da waƙar ta fito sun san amshinta, suna kaɗa kacau-kacau suna tara masa.

Wanda ya ji irin waɗannan waƙoƙi daga nesa zai ɗauka na mutanen da duniya ta yi wa daɗi ne. Ba haka abin yake ba. Mafi yawansu sun fito ne a shekarun da ƙasar ta shiga ƙunci, kuma mazan da ke rera su yau su ne waɗanda ƙuncin ya faɗa wa a ka. Sai an san wannan tarihi ake gane dalilin da ya sa mutum mai kamun kai yake ihu haka don waƙar minti huɗu.

Mu ɗauki wanda aka haifa a 1970 ko kusa da haka. Daga 1971 zuwa 1974 ana haihuwar jarirai sama da miliyan biyu kowace shekara a Japan, saboda haka tsararsa suna da yawa, kuma tun daga makaranta suke gogayya da juna a kan kowace kujera. Ya taso ƙasarsa na ganiyarta. A 1989 aka yi wata tallar ruwan ƙara kuzari mai suna Regain, inda ɗan wasa Tokito Saburo ya rera waƙa mai taken sojoji yana tambayar ma'aikaci ko zai iya fafatawa dare da rana ba hutu. Waƙar ta karɓu har aka buga ta a faifai ta yi kasuwa. A ranar 29 ga Disamba na wannan shekara ma'aunin kasuwar hannayen jari na Nikkei ya kai 38,915. Ba wanda ya san cewa ba za a sake taka wannan matsayi ba sai a Fabrairun 2024, bayan shekara talatin da huɗu.

Amma ko a wancan lokacin na wadata akwai masu kunne. A cikin 1989 ɗin ƙungiyar Unicorn, wadda Okuda Tamio ɗan Hiroshima ke wa jagorancin murya, ta fitar da "Dai Meiwaku". Labarin wani matashin ma'aikaci ne da ya samu gidan kansa, ga amarya, ga kwanciyar hankali, sai maigidansa a ofis ya sanar da shi cewa an tura shi aiki wani gari mai nisa na sama da shekara uku, shi kaɗai, ban da iyali. Wannan al'ada ce sananniya a kamfanonin Japan, kuma ba a musu da ita. Abin da Unicorn suka yi shi ne suka ɗauki wannan baƙin ciki suka ɗora shi a kan kiɗa mai gudun tsiya, mawaƙin yana kuka yana kururuwa, mai sauraro kuma dariya na cin sa. Samarin da suka yi tsalle da ita suna 'yan makaranta, bayan shekara goma sha biyar takardar canjin wurin aiki ta iso teburinsu, suka tarar an riga an yi musu waƙa. Har yau tana cikin waɗanda ke tayar da ɗaki, kuma a ganina ita ce ta shata hanyar da mafi kyawun waƙoƙin nan suka bi: a faɗi gaskiyar abin da ke damun mutum, amma a faɗe ta da ƙarfi, ƙafa na rawa.

Daga 1990 kasuwa ta fara rugujewa, farashin filaye ya biyo baya, bankuna suka wayi gari da basussukan da ba za su dawo ba. Kamfanoni suka rage ɗaukar sabbin ma'aikata, har aka riƙa kiran shekarun 1993 zuwa 2005 zamanin ƙanƙarar neman aiki. Yaron da aka ce masa ya yi karatu kamfani zai riƙe shi har ritaya, ya fito da digiri ya tarar ƙofa a rufe. A daidai wannan gaɓa ne waƙoƙin ƙarfafa gwiwa suka cika gari. Mawaƙi KAN ya fitar da "Ai wa Katsu" a 1990, ta sayar da faifai sama da miliyan biyu. A 1991 Daiji MAN Brothers Band suka zo da "Sore ga Daiji". A Janairun 1993 ZARD, wato muryar Sakai Izumi, ta fitar da "Makenaide", wadda ta zama waƙar da ake sa wa mai gudun famfalaki, da ɗalibi mai shirin jarrabawa, da duk wanda ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Japanawa suna da rukuni na musamman da suke sa irin waɗannan waƙoƙi, suna ce musu oenka, kuma aikinsu bai bambanta da na gangar noma a wurin gayya ba: ba ta rage tsawon kunya, amma tana sa mai fartanya ya kai ƙarshenta.

Fasaha ma ta taimaka. Tun a 1971 wani makaɗi a birnin Kobe, Inoue Daisuke, ya fara ba da hayar injin da ke kaɗa kiɗa ba murya domin mutane su rera da kansu, kuma bai yi rajistar mallakar ƙirar ba. Da farko a mashaya ake yi, gaban baƙin ido. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara keɓe ɗakuna, sannan a 1992 aka fito da injinan da ke karɓar sabbin waƙoƙi ta layin waya, ta yadda waƙa na fitowa za ta isa kowane ɗaki a ƙasar. Ƙananan faifan CD na lokacin yawanci suna ɗauke da waƙa da kuma kiɗanta zalla, don mutum ya yi bita a gida kafin ya je gaban abokan aiki. Cinikin faifai ya kai ƙololuwa a 1998. Ma'ana, waƙoƙin wannan zamani an gina su ne don bakin talaka ya iya ɗauka: amshi mai sauƙin riƙewa, da wuraren da jama'a za su shigo da tafi ko ihu.

Ina girmama "Ai wa Katsu" da 'yan uwanta, kuma na san abin da suka yi wa mutane. Sai dai alkawari suke yi, suna cewa a daure nasara na tafe. Matashi na iya rayuwa a kan alkawari. Magidanci ɗan hamsin ya riga ya ga abokan da suka daure nasarar ba ta zo ba. Shi ya sa waƙoƙin da suka fi zama da shi su ne na wani layin daban, kuma shekarar 1995 ce ta haifi biyu daga cikinsu.

Shekara ce mai nauyi. A ranar 17 ga Janairu girgizar ƙasa ta rushe Kobe, mutane sama da 6,400 suka rasu. A ranar 20 ga Maris 'yan wata ƙungiyar asiri suka saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo da safe, lokacin da ma'aikata ke tafiya ofis. A cikin watan Maris ɗin ne ɗan barkwanci Hamada Masatoshi da mai tsara kiɗa Komuro Tetsuya suka fitar da "Wow War Tonight". Hamada ba gwanin murya ba ne, kuma nan ne sirrin yake. Murya ce ta mutumin da aiki ya cinye, wanda ke marmarin hutu na kwana biyu bai samu ba, amma bai ajiye kaya ba. Ta haura faifai miliyan biyu.

A Disamba kuma Ulfuls suka zo da "Guts da ze!!". 'Yan Osaka ne, kuma Osaka a idon Japanawa gari ne na 'yan kasuwa da 'yan barkwanci, inda ake magana da ƙarfi ana dariya da baki buɗe, ba irin nutsuwar Tokyo ba. Sun fara fitar da faifai tun 1992 ba ciniki, har ana ganin ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Sai jagoransu Tortoise Matsumoto ya fito a bidiyon waƙar da shigar sarakunan da, gashi a ɗaure irin na samurai, yana rawar disko a cikin fada. Kiɗan na baƙaƙen Amurka ne na shekarun 1970, mai jita mai tsinke-tsinke da bugu mai sa kafaɗa motsi, muryar kuma a shaƙe take, mai gumi. Waƙar ba ta da wata falsafa. Zuga ce tsagwaronta, daga bakin mutumin da kai da ganinsa ka san shi ma ya sha faɗuwa. In magidanci ya ɗauki makirufo ya sa ta, yana ba kansa izinin ya zama abin dariya na minti huɗu, kuma ga mutumin da ya kwashe shekara talatin yana auna kowace kalma gaban na sama da shi, wannan izini ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A Nuwamban 1997 bankin Hokkaido Takushoku ya durƙushe, kamfanin dillancin hannayen jari na Yamaichi, mai tarihin shekara ɗari, ya rufe. Shugabansa Nozawa Shohei ya tsaya gaban 'yan jarida yana kuka da hawaye, yana roƙon a taimaka wa ma'aikatansa su samu wani aikin domin ba laifinsu ba ne. Duk ƙasar ta ga wannan kuka a talabijin. A 1998 adadin masu kashe kansu ya haura 30,000, ya kuma zauna sama da haka har 2011, kuma maza masu matsakaicin shekaru na cikin waɗanda abin ya fi ci. Namijin Japan an hore shi da yin ta maza. Ba ya kai kuka gida, ba ya kai wa aboki, ba ya kai wa likita. Akwai waɗanda aka sallama daga aiki amma kullum safe su sa kwat su ɗauki jaka su fita, su yini a wurin shaƙatawa ko ɗakin karatu, don kada iyali su sani.

Mace ce ta fara yi wa waɗannan maza kirarin da ya dace da su. A shekarar 2000 gidan talabijin na NHK ya fara wani shiri mai suna Project X, wanda ke ba da labarin injiniyoyi da leburori da ba wanda ya san sunansu: waɗanda suka kafa na'urar hango guguwa a ƙolin dutsen Fuji, waɗanda suka haƙa ramin jirgin ƙasa na Seikan a ƙarƙashin teku, waɗanda suka ƙera bidiyon VHS. Nakajima Miyuki ce ta yi waƙar buɗe shirin, "Chijo no Hoshi". Ba ta rawa ba ce, taku gare ta mai nauyi irin na rundunar da ke tafe, amma ba a lissafin waƙoƙin magidanta a bar ta. A daren ƙarshe na 2002, a babban bikin waƙa na Kohaku da NHK ke yi kowace jajibirin sabuwar shekara, Nakajima ta rera ta kai tsaye daga cikin ramin tashar wutar Kurobe, cikin tsananin sanyin duwatsu. Wurin ba a banza aka zaɓe shi ba. Mutum 171 ne suka rasa rayukansu wajen gina madatsar Kurobe kafin a kammala ta a 1963. A Janairun 2003, bayan fiye da shekara biyu da fitowarta, waƙar ta hau matsayi na ɗaya.

Wadda na fi so a yi nazarinta, duk da haka, ita ce "Ashita ga Aru sa", domin sau biyu aka haife ta. Ta farko a 1963, a bakin Sakamoto Kyu, mawaƙin nan da waƙarsa da Turawa suka laƙaba wa "Sukiyaki" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a wannan shekarar, wanda kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama na 12 ga Agusta 1985 da ya ci mutum 520. Nakamura Hachidai ya yi kiɗan, Aoshima Yukio, wanda daga baya ya zama gwamnan Tokyo, ya rubuta baitocin. Labarin ɗan makaranta ne mai kunya da ke ganin wata yarinya a tashar jirgi kullum, ya kasa yi mata magana, yana ta ɗaga abin zuwa gobe. Waƙar ƙasa ce mai ƙuruciya, ana saura shekara ɗaya gasar Olamfik ta Tokyo, lokacin da gobe ta tabbata za ta fi yau.

A shekarar 2000 masu kofin gwangwani mai suna Georgia suka tono ta don talla, aka sa mata sabbin baitoci, Ulfuls suka fitar da ita a faifai a 2001. Sautin bai canja ba, amma yaron ya girma. Yanzu ma'aikaci ne a tsakiyar tsani, na sama na danna shi, na ƙasa ba sa jin maganarsa. Wani abokinsa ya bar aiki ya kafa nasa kamfanin, shi yana nan inda yake. A wani baitin ma an kawo masa sabon shugaba Bafaranshe da ba sa fahimtar juna ko da nuni, kuma ba wanda ya nemi a yi masa bayani, domin a 1999 ne kamfanin Renault na Faransa ya shigo Nissan ya turo Carlos Ghosn, wanda ya sanar da rage ma'aikata 21,000. Ka duba yadda kalma ɗaya ta sauya nauyi. Goben 1963 ta mai zumuɗi ce. Goben 2001 ta wanda yau ta ba shi kashi ce, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce to, Allah ya kai mu. Tallar ta yi farin jini har aka mayar da ita wasan kwaikwayo na talabijin, Hamada Masatoshi ya fito a matsayin ma'aikacin. Uba da ɗa suna iya rera waƙar tare, kowa da baitocin zamaninsa, su haɗu a amshi.

Ba duka ne na ofis ba. Wani lokaci abin da mutum ke nema shi ne ya koma shekara goma sha bakwai. Nan The Blue Hearts ke shigowa, 'yan kiɗan punk da suka kafu a 1985 suka watse a 1995. "Linda Linda" ta 1987 tana farawa a hankali, murya ɗaya da jita, sannan ta fashe gaba ɗaya, kuma a daidai wurin fashewar ba mai iya zama a kujera. "Train-Train" ta 1988 haka take. Komoto Hiroto da Mashima Masatoshi, ginshiƙan ƙungiyar, sun haura sittin yanzu, kuma tun 2006 suke tare a The Cro-Magnons suna zagaya ƙasa da tsalle irin na da. Southern All Stars na Kuwata Keisuke, da suka fito a 1978 da "Katte ni Sinbad", su ne na bakin teku da zafin bazara. B'z kuma suna da "Ultra Soul" ta 2001, wadda aka yi wa gasar ninƙaya ta duniya a Fukuoka, mai wani wuri a ƙarshen amshi da kowa ke daka tsalle ya yi ihu lokaci guda. Sai waƙoƙin zanen katun na yarinta, irin "Cha-La Head-Cha-La" ta Dragon Ball Z, waɗanda in aka sa su muƙami ke ɓacewa a ɗakin.

In aka ce in zaɓi guda ɗaya tak da aka yi wa magidanci da gangan, "Oretachi no Ashita" ta Elephant Kashimashi zan ɗauka. 'Yan unguwar Akabane ne a arewacin Tokyo, abokai tun makaranta, kuma su huɗun da suka fitar da faifan farko a 1988 su ne dai har yau. Sun ɗanɗana rashin kasuwa, kamfanin faifai ya taɓa sallamarsu a tsakiyar shekarun 1990, suka dawo da ƙarfi a 1997. Mawaƙinsu Miyamoto Hiroji, mai farar riga da baƙin wando, mai yamutsa gashin kansa in magana ta cika masa baki, yana da shekara arba'in da ɗaya lokacin da waƙar ta fito a Nuwamban 2007. An gina ta kamar gaisuwar tsohon aboki da aka daɗe ba a haɗu ba. Yana tambayar lafiyarsa, yana bin shekarun rayuwa goma-goma, na fushin ƙuruciya, na sanin baƙin ciki, na gane cewa akwai waɗanda ke ƙarƙashin kulawarka, sannan ya ce su tashi su ci gaba. Ba ya tsaye a sama yana ba da umarni. Da bakin "mu" yake magana, shi ma yana cikin tafiyar. Mazan da ba su iya ɗaga waya su ce wa aboki sun yi kewarsa ba, suna iya sa wannan waƙa su dafa kafaɗarsa, kuma saƙon ya isa. Sai a 2017, suna da shekara hamsin da 'yan kai, aka fara gayyatar ƙungiyar bikin Kohaku, kuma masoyansu sun ɗauki wannan jinkiri tamkar labarin kansu.

Akwai kuma wanda rayuwarsa ce waƙar. Yazawa Eikichi an haife shi a Hiroshima a 1949, ya tashi hannun kakarsa cikin talauci, ya hau jirgin dare da nufin Tokyo bayan gama sakandare, ya sauka a Yokohama ya fara daga ƙasa. A 1977 ya cika zauren Budokan. A 1998, yana dab da hamsin, ya gano an damfare shi a wata harkar gini a Ostireliya, aka bar shi da bashin kusan yen biliyan uku da rabi. Bai gudu ba, bai ɓuya ba, ya yi ta zagayen wasa har ya biya. A wurin wasansa akwai al'ada: in ya fara "Tomaranai Ha~Ha", dubban mutane su jefa manyan tawul masu ɗauke da sunansa sama a tare. Cikin masu jefawar akwai direbobi, 'yan kwangila, masu ƙananan masana'antu, mutanen da suka san nauyin bashin banki. A 2022, yana da shekara saba'in da biyu, ya yi wasan cika shekara hamsin a babban filin wasa na ƙasa.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Akwai masu cewa waɗannan waƙoƙi maganin kashe zafi ne kawai, suna sa mutum ya koma bakin aikin da ke cin ransa maimakon ya tambayi dalili. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Ƙasar da ta kai ga kafa kalma ta musamman don mutuwa saboda yawan aiki, waƙa ba za ta warkar da ita ba, kuma sai a 2018 aka yi dokar da ta sa iyaka mai hukunci a kan awannin ƙarin aiki, ta fara aiki a manyan kamfanoni a Afrilun 2019. Matasan yau da yawa ba sa son a tilasta musu zama na biyu, kuma suna da hujja. Amma ban yarda a ɗora wa waƙa laifin kamfani ba. Mutumin da aka rufe wa kowace ƙofar kuka, in ya samu wata guda da zai buɗe maƙogwaro ya yi ihu a gaban mutane kuma a tafa masa, wannan ƙofa rahama ce. Yanzu ma har ɗakunan mutum ɗaya ake da su, inda magidanci zai shiga shi kaɗai bayan aiki, ya yi awa guda, ya fito ya kama jirgi.

Wata kuma murna ce zalla, ba ta da wani nauyi a ƙarƙashi, kuma ita ma tana da gurbinta. Matsudaira Ken ya shafe kusan shekara ashirin da biyar, tun daga 1978, yana fitowa a talabijin a matsayin Shogun Yoshimune, sarki mai kwarjini da ke hawa farin doki yana hukunta azzalumai da takobi. Duk ƙasar ta san shi da ɗaure fuska. A ƙarshen wasanninsa na dandamali yakan rufe da wata waƙar rawa don sallamar 'yan kallo, kuma a 2004, yana da shekara hamsin, aka fitar da ita a faifai da sunan "Matsuken Samba II". Sai ga sarkin nan cikin kimono mai ƙyallin zinariya tun daga wuya har ƙasa, gashi a ɗaure irin na da, bayansa 'yan rawa reras, yana karkaɗa ƙugu da kiɗan ƙasashen Latin, yana murmushi har kunne. Yara suka ɗauka, tsofaffi suka ɗauka, ofisoshi suka riƙa ɗinka rigar zinariya don shugaban sashe ya sa a walimar ƙarshen shekara. A 2021, lokacin da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga gasar Olamfik ta Tokyo, mutane suka yi ta kira a intanet cewa Matsudaira ya kamata a sa a bikin buɗewa. Ba a sa shi ba, amma NHK ta gayyace shi Kohaku a daren ƙarshe na shekarar, ya shigo da zinariyarsa yana da shekara sittin da takwas, ya yi rawarsa daga farko har ƙarshe.